Maikurowef ta daina ɗumama abinci: a gyara a gida, a kai wa mai gyara, ko a sayi wata?

Maikurowef ta shiga jerin kayan kicin ɗin amarya, gefen firji da kukar gas, kuma a gidaje da yawa ita ke fara kwanciya. A sa tuwon jiya, fitila ta kama, faranti ya juya, lokaci ya cika, a buɗe a tarar da shi da sanyinsa. Wata tartsatsi take yi daga gefe kamar ana walda. Wata kuma ta ɗauke ɗif, ko agogonta ba ya nunawa. Daga nan shawara ta rabu huɗu: mutum ya sayo kayan gyara ya saka da hannunsa, ya kai wa mai gyaran unguwa, ya nemi wurin gyaran kamfani, ko ya haƙura ya sayi wata. Kowace daga cikin huɗun tana da inda ta fi sauran, kuma abin da ya lalace shi ke nuna wadda za a bi.

Ma'aunan da za a bi

Na farko haɗari, kuma da gangan na sa shi gaba da kuɗi. Gyaran maikurowef ba irin na fanka ko dutsen guga ba ne. A cikinta akwai taransfoma da ke ɗaga wutar gida daga bolt 230 zuwa wajen 2,000, sannan wasu kayan lantarki biyu, kafasita da dayod, su ninka ta zuwa kusan 4,000 kafin ta shiga maganetaron, wato ƙarfen da ke fitar da igiyar lantarki marar ganuwa da ke ɗumama abincin. Wannan wuta tana da ƙarfin tsayar da zuciya nan take. Kafasitar kuma tana iya riƙe wuta bayan an zare fulogi. An sa mata ɗan rizista a ciki da ke tsiyaye wutar a hankali, amma shi ma yana mutuwa, kuma daga waje ba a gane ko yana aiki. Don haka cewa "ai na cire ta daga soket" ba ta kare wanda ya kwance murfi. Iyakar da nake bi ke nan: duk abin da hannu ke kaiwa ta ƙofa ko ta waje na mai gida ne, duk abin da ke ƙarƙashin murfin ƙarfe na wanda ya koyi aikin ne.

Na biyu kuɗi. Farashin kayan lantarki a kasuwanninmu yana bin dala, na wannan wata ba shi ne na watan gobe ba, don haka lissafin da ke da amfani na kwatanci ne: nawa gyaran zai ci in aka auna shi da kuɗin sabuwa mai girma ɗaya a yau? A haɗa da kuɗin aiki, kuɗin mota, da kuɗin komawa in gyaran bai zauna ba. A ganina, in jimillar ta kai rabin kuɗin sabuwa, gyaran ya daina zama riba, sai dai in na'urar babba ce mai tsada.

Na uku ƙarko: wata nawa ko shekara nawa za a yi kafin a sake komawa kan matsalar. Na huɗu sauƙi, kuma fuska biyu gare shi, sauƙin samun kayan da ya dace da sauƙin saka shi. Akwai kayan da ake samu a kowane shago amma saka su sai gwani, akwai kuma wanda yaro ma zai saka amma sai an sha yawo kafin a samu daidai girmansa.

Kafin a kashe ko sisi

Yawancin abin da ake kira lalacewa a wajenmu daga bango yake farawa. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila da ake amfani da shi a Najeriya yana da fiyus na amfiya 13 a cikinsa, kuma shi ne abin dubawa na farko in na'urar ta ɗauke gaba ɗaya. Fulogi mai ƙafa biyu irin na Faransa da ake gani a Nijar ba shi da wannan fiyus ɗin, can soket da waya za a duba. A zare ta daga doguwar waya mai soket da yawa a jona ta kai tsaye a bango, domin maikurowef da aka rubuta wa wat 700 zuwa 900 tana jan wajen 1,100 zuwa 1,400, kuma ƙananan wayoyin nan narkewa suke yi. In agogo yana nunawa amma maɓallai sun ƙi amsawa, wataƙila makullin yara ne ya shiga. A yawancinsu danne maɓallin tsayarwa na daƙiƙa 3 yana buɗe shi.

Sai maganar ƙarfin wuta. Idan NEPA ta kawo wuta ba ƙarfi, ko an kunna na'urar a kan ƙaramin janareta, fitila za ta kama, faranti zai juya, amma zafi kaɗan ne ko babu. Mutane da yawa sun biya kuɗin maganetaron alhali nasu lafiyarsa ƙalau. A gwada ta lokacin da wuta ta cika: kwatar lita ta ruwa a kofin tangaran, a kan ƙarfi na ƙarshe, minti 1. Ya kamata ruwan ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba. Mai ma'aunin zafi yana iya yin lissafi sosai: lita 1 ta ruwa, minti 1, a juya ruwan a auna, a ninka digirin da ya ƙaru sau 70. In ya ƙaru da digiri 10, na'urar tana ba da wajen wat 700 ke nan. A riƙe wannan gwajin, domin da shi za a karɓi aiki daga hannun kowane mai gyara.

Hanya ta farko: gyara da hannunka

Kayan da ke wannan rukuni kaɗan ne, amma su suka fi yawan lalacewa. Farantin gilashi, zoben tayoyi da yake hawa, da ɗan robar tsakiya mai yatsu uku da ke juya shi, duk ɗauka a ajiye ne. Abin lura kawai girma: ana samun faranti mai faɗin milimita 245, 255, 270, 315 da sauransu, kuma ƙasan wani yana da gurbin yatsu uku, na wani shafe yake. A auna tsohon da tef, ko a tafi kasuwa da zoben da robar a aljihu. A nan babu dalilin neman na kamfani. Na gama-gari yana yin aiki ɗaya muddin girman ya zo daidai.

Wanda ya fi muhimmanci shi ne allon maika, ɗan falle mai launin azurfa da ke manne a bangon ciki, galibi ta dama. Shi ke rufe ramin da igiyar ke fitowa. Manja da miya suna fantsama a kansa, su bushe, su ƙone su zama gawayi, gawayin kuma ya fara jan tartsatsi. Uwargida ta ga wuta tana walƙiya ta ɗauka na'urar ta mutu, alhali kayan da ya fi kowane araha ne ya lalace. Ana sayar da fallen maika babba; a zare fulogi, a cire tsohon, a ɗora shi a kan sabon a zana, a yanka da reza ko almakashi, a goge ramin da kewayensa tas, a mayar. Kwali ko roba ba sa maye gurbinsa, kuma kada a ci gaba da aiki da na'urar babu shi, domin maiƙo zai shiga ramin ya kai ga maganetaron. In an canja maika tartsatsin bai daina ba, a duba ko fenti ya ɓare ƙarfe ya fito, ko kuwa kwanon silba, takardar azurfa ko faranti mai zanen zinare a baki ake sakawa.

Moton da ke juya faranti yana tsaka-tsaki. A na'urori da yawa ta ƙasa ake kai masa, akwai ɗan murfi a gindin da ake yanke haƙoransa a ɗaga, ba sai an taɓa babban murfi ba. Mai ɗan sabo da sukundireba zai iya. Amma a karanta rubutun jikin tsohon: akwai na bolt 220 zuwa 240, akwai na 30, akwai na 21, kuma kamanninsu ɗaya. In aka sa na 21 inda wutar gida ke zuwa kai tsaye, ƙonewa zai yi a take. Tsawon sandar da siffar kanta su ma sai sun dace.

Ta fuskar kuɗi babu hanyar da ta kai wannan araha, kuma ƙarkonta mai kyau ne, don kayan ba su da wani sarƙaƙiya. Haɗarinta kusan babu, muddin an tsaya a nan. Inda take komawa mafi muni cikin huɗun shi ne lokacin da mutum ya kalli bidiyo a YouTube, ya ga an canja fiyus na ciki ko makunnin ƙofa cikin minti biyar, ya ce shi ma bari ya gwada. Fiyus ɗin da makunnan tazararsu da kafasita ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Har ƙwan fitila a yawancin ƙananan maikurowef sai an cire murfin ake kai masa, kuma na fi son a yi ta ɗumama abinci a duhu da a buɗe murfin saboda ƙwan fitila.

Hanya ta biyu: mai gyaran unguwa

Nan ne yawancin mutane ke ƙarewa, kuma nan ne zaɓi ya fi yawa, don bayan zaɓen mutumin akwai zaɓen kayan: sabo na kasuwa ko kwance, wato wanda aka ciro daga wata matacciyar na'ura. Ana samun duka biyun a wurare irin su Sabon Gari a Kano, Panteka a Kaduna da Katako a Yamai, kuma mai yawa daga cikinsu ta kasuwar Alaba ta Legas yake biyowa. Abin da ya sa kayan wata ke shiga wata shi ne kaso mai yawa na maikurowef ɗin duniya a Chaina ake ƙera su, musamman a masana'antun Galanz da Midea da ke Shunde a lardin Guangdong, sannan a liƙa musu sunaye iri-iri. Sunan da ke goshin na'ura daban, na jikin kayan cikinta daban.

Makunnan ƙofa sabo za a saya, ba kwance ba. Galibi uku ne, kuma aikinsu hana na'urar aiki in ƙofa tana buɗe. Ɗaya daga cikinsu mai gadi ne: in sauran sun maƙale, shi zai haɗe wuta da gangan ya ƙona fiyus don na'urar ta tsaya. Shi ya sa in fiyus yana ƙonewa daidai lokacin buɗe ƙofa ko rufe ta, canja fiyus kaɗai ɓarnar kuɗi ce, makunnan ne da laifi, ko robar da ke riƙe da su ta sassauta. Makunnin kwance ya riga ya sha dannuwa sau dubbai, kuma sabon ba shi da tsada. Sai dai iri biyu ne, mai zama a buɗe da mai zama a rufe, an rubuta NO ko NC a jikinsu, kuma ba a musanya su.

Fiyus ma sabo, mai lamba ɗaya da na da, galibi amfiya 8 ko 10 a na'urorin bolt 230. Wasu suna da na biyu a ɓangaren babbar wuta, dogo cikin kwanson roba, mai jure bolt 5,000. Mai gyaran da ya ɗaure fiyus da zaren waya ya ce an gama, ya cire wa gidanka kariya daga gobara, kuma ya kashe aikin makunnin gadi. Ko kyauta ya yi, kada a karɓa.

Dayod da kafasita ba su da tsada sosai, kuma su ne abin fara zargi in na'urar tana gurnani mai ƙarfi ba zafi. Ga wani abin da ke raba gwani da ɗan koyo: mitar gwaji ta yau da kullum ba ta iya karanta wannan dayod ɗin kai tsaye, takan nuna kamar ya mutu ko da lafiyarsa lau, sai an haɗa da batir mai bolt 9. Kafasita kuwa lambarta ake bi, yawanci tsakanin maikurofarad 0.8 da 1.2, mai jure bolt 2,100. A sa mai lamba ɗaya ko dab da ita. Sabuwa ko kwance duk suna yi, in an auna ta ba ta kumbura ba kuma ba ta zubar da mai.

Maganetaron shi ne babbar magana, shi ya fi tsada, kuma a kansa aka fi cutar mutane. Sabo na kasuwa suna da daraja hawa-hawa, kuma akwai tsoho da aka wanke aka sa wa sabuwar takarda. A nan nakan fifita kwance na asali da aka ciro daga na'urar da ƙofarta ko fanel ɗinta, wato allon maɓallanta, ne ya mutu, a kan sabon da ba a san asalinsa ba.  Amma da sharaɗi. A duba maganaɗisun nan biyu masu zagaye, kada a ga tsaga. A duba hular kan eriyarsa, kada ta zama ta ƙone ko ta huje. Zoben saƙar tagulla da ke gindin eriyar ya kasance yana nan, don shi ke toshe yoyon igiya. A mita, tsakanin ƙafafunsa biyu ya nuna ƙasa da om 1, tsakanin ƙafa da jikin ƙarfen kuma kada ya nuna komai. Duk da haka mita ba ta nuna ko ya gaji, gwajin ruwa ne kaɗai ke nunawa, don haka ciniki ya kasance sai an saka an gwada. Lambobi irin su 2M214 da 2M226 na LG, OM75 na Samsung ko M24FB na Galanz suna taimakawa wajen nema, amma ko lamba ta yi kusa sai ramukan noti, fuskar da iska ke bi da wajen jona waya sun dace. In aka juya shi ta yadda fanka ba ta hura tsakanin faifan ƙarfen da ke sanyaya shi, zai yi aiki na 'yan makonni ya ƙone.

Taransfoma ba ta cika mutuwa ba. In ta mutu, da wari da hayaƙi take sanarwa. Kwance ita ce hanya, kuma tsofaffi masu naɗin tagulla sun fi na alminiyam jure zafi. Sake naɗa ta ba shawara ba ce: an yi wa ƙarfenta walda, kuma rufin da zai jure bolt 2,000 ba aikin hannu ba ne.

Duk wannan ya rataya ne a kan mutumin. Ba kowane mai gyaran talabijin ne ya san maikurowef ba. Ka tsaya ka ga farkon aikinsa. Wanda ya sani, da ya cire murfi abin da zai fara yi shi ne sauke wutar kafasita da kayan aiki mai rufaffen mariƙi, kafin yatsansa ya taɓa komai. Ba ya sa hannu ciki tana kunne, ba ya auna babbar wuta da ƙaramar mita, ba ya cire makunnin ƙofa ya haɗe wayoyin. Ka ce masa, "Injiniya, don Allah a ajiye min tsohon kayan da aka cire, kuma mu gwada da ruwa kafin in biya." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Kuɗin wannan hanya matsakaici ne, sauƙinta babba tunda a unguwa ake gamawa, ƙarkonta kuwa daga wata ɗaya zuwa shekaru, gwargwadon hannun da ya yi da kayan da aka saka.

Hanya ta uku: wurin gyaran kamfani

In na'urar tana cikin garanti, wanda galibi shekara ɗaya ne, babu wata muhawara: a nemo rasit a kai musu, kuma kada kowa ya kwance ko noti ɗaya kafin nan, don buɗe murfi yana soke garantin. Wasu kamfanonin suna ba maganetaron garanti mafi tsawo da na sauran jikin, a duba takardar.

Bayan garanti, wannan hanya ta fi dacewa da kayan da ba su da na gama-gari. Fanel mai lambobi da fallen maɓallansa kowane samfuri da nasa. Haka na'urori masu inbata, irin na Panasonic da NeoChef na LG, waɗanda aka cire musu babbar taransfoma aka sa allon lantarki. Ba su da nauyi, zafinsu ya fi daidaito, amma allon yana da tsada, maganetaron ɗinsu nasu ne daban, kuma haɗarin wutar yana nan yadda yake. Ƙofa ma in za a canja, ta kamfani ce kawai. Kuɗin ya fi na unguwa, wuraren a manyan birane suke, kuma ana iya jiran kaya makonni. Wanda ke Kano, Kaduna ko Abuja da na'ura mai tsada zai ci riba. Wanda zai yi tafiyar awa huɗu da ƙaramar mai lita 20, kuɗin mota ya cinye amfanin.

Hanya ta huɗu: sayen wata

Sabuwa ta fi komai tsada a rana ɗaya, amma da garanti take zuwa. Wanda wutar unguwarsu ke hawa da sauka ya fi dacewa da mai murɗi biyu, ɗaya na lokaci ɗaya na ƙarfi, a kan mai maɓallan taɓawa. Ba ta da fanel da wuta za ta ƙona ko kyankyasai su yi wa fitsari, kuma duk kayan cikinta ana samunsu a kasuwa. A sa kuɗin sitabilaiza mai aƙalla wat 2,000 cikin lissafi, in ba haka ba abin da ya kashe ta farko yana jiran ta biyu.

'Yar gwanjo, wadda ake ce wa Beljiyam, tana iya zama garaɓasa, don wasu tsofaffin sun fi sababbin yau nauyin ƙarfe. Sai dai a karanta takardar bayanta. Ta Ingila da Turai bolt 230 ce, hez 50, daidai da tamu. Ta Amurka bolt 120 ce, hez 60: tana buƙatar babbar na'urar rage wuta, kuma ko an samu, taransfomarta tana yin zafi fiye da kima a kan wutarmu. A bar ta ko nawa aka rage. A duba tsatsa a hanyar tayoyi da kusurwoyi, a duba ragar ƙofa, a rufe a ji ta zauna daram, sannan a yi gwajin ruwa a shagon.

Ga hanyoyin gefe da gefe:

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Da hannunka, kayan waje | Kaɗan ƙwarai | Mai kyau | Babba | Kusan babu |
| Da hannunka, ƙarƙashin murfi | Kaɗan | Ba tabbas | Ƙarami | Na rasa rai |
| Mai gyara, sabon kayan kasuwa | Matsakaici | Ya danganta da ingancin kayan | Babba | Jabu, aikin ɗan koyo |
| Mai gyara, kwance | Ƙasa da matsakaici | Mai kyau in an gwada | Sai an nema | Kayan da ya gaji |
| Wurin kamfani | Mai yawa, kyauta a garanti | Mafi kyau | Nisa da jira | Ƙarami |
| Sabuwa | Mafi yawa | Mafi kyau | Babba | Ƙarami |
| Gwanjo | Matsakaici | Ba tabbas | Babba | Bolt 120, tsatsa, ƙofa |

Ga kuma kayan ɗaya-ɗaya:

| Alama | Abin zargi | Inda ya fi a samo | Mai sakawa |
|---|---|---|---|
| Tartsatsi daga gefe | Allon maika | Sabo, gama-gari | Mai gida |
| Faranti ba ya juyawa | Roba, zobe ko moto | Gama-gari ko kwance | Mai gida |
| Ta ɗauke gaba ɗaya | Fiyus na fulogi, sannan na ciki | Sabo | Fulogi mai gida, ciki mai gyara |
| Fiyus na ƙonewa da taɓa ƙofa | Makunnan ƙofa | Sabo kawai | Mai gyara |
| Gurnani ba zafi | Dayod, kafasita, maganetaron | Sabo ko kwancen da aka gwada | Mai gyara |
| Maɓallai sun mutu | Fanel | Kamfani ko kwancen samfuri ɗaya | Mai gyara |

Wace hanya ga wa

Wadda na'urarta ke tartsatsi ko farantinta ya tsaya, amma har yanzu tana ɗumamawa, ta tsaya a hanya ta farko. Maika da roba ba su kai a ɗauki na'ura a hau adaidaita ba.

Mai ƙaramar maikurowef mai murɗi da ta daina zafi ya kai wa mai gyara, ya nemi a fara da fiyus, dayod da kafasita. In aka ce maganetaron ne, ya tambayi kuɗin kwance, ya auna da rabin kuɗin sabuwa. In ta haura shekara bakwai ko takwas kuma cikinta ya fara tsatsa, ni ba zan zuba mata wannan kuɗin ba.

Mai sana'ar abinci da ke kunna ta sau da yawa a rana ya guji kwancen da ba a gwada ba, domin ranar da ta tsaya ciniki ne ya tsaya. Kayan kamfani ko sabuwa sun fi masa, ya kuma ajiye maika na ko-ta-kwana yana goge cikin kullum. Wanda maikurowef ɗinsa mai inbata ce ko mai haɗe da wajen gasa abinci ya nufi wurin kamfani tun farko, kafin hannu biyu ko uku su shiga cikinta. Ɗalibi ko gwauro mai ƙaramin aljihu, gwanjon Turai mai murɗi da aka gwada a gabansa ya ishe shi. Wanda ke kan sola ya fara duba ko inbatar gidansa tana ɗaukar wat 1,400 ba tare da ta yi kuka ba, kafin ya zargi na'urar ko ya sayi wata.

Akwai kuma wadda ba a gyarawa. In ragar ƙofa ta yage, ƙofar ta lanƙwashe ba ta zama daidai, tsatsa ta huda bangon ciki, ko na'urar ta taɓa ci gaba da aiki ƙofa a buɗe, a zare ta daga wuta a take. Dokar Amurka ta iyakance yoyon igiya a miliwat 5 kan kowace murabba'in santimita, in an auna daga nisan santimita 5, kuma auna wannan sai da mita ta musamman. Sa wayar hannu a ciki a kira ta don a ga ko igiya na yoyo ba gwaji ba ne, don igiyar waya daban take. In ba a samu ƙofar kamfani ba, a cire farantin da zoben tayoyin a ajiye, wataƙila su dace da ta gaba. A yanke wayar wutar daga gindi don kada wani ya sake jona ta, sannan a miƙa ta ga 'yan gwangwan a rufe yadda take, kada a bar wa yara su kwance don neman maganaɗisu.